Ranar da Aka Wanke Hasken Lubabatu

Jama'a, a farkon daminar nan maƙwabcina Malam Isiyaku tela ya dawo gida daga wani taron manya da ɗan gilashi a aljihu, tas da shi, ko ɗigon datti babu. A wani gidan a ce masa madalla da tsafta. A gidansa kuwa ranar tuwon ma sai da ya kwana a tukunya.

Malam Isiyaku a bakin kasuwar Rano yake ɗinki. Keken lantarkinsa ya daɗe da zama wurin rataya hula, na ƙafa yake takawa, don rabon unguwarmu da wuta tun kafin a yaye autansa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne 'yarsa Lubabatu, wadda ke karatun digiri na biyu a fannin kimiyya. Da wutar ɗakin gwajinsu ta ɗauke ta ƙi dawowa, akwatin da ke tsare musu kayan aiki daga danshi ya mutu, sai ta tattaro abin da ta yi watanni tana haɗawa ta taho da shi gida. Wani ɗan gilashi ne da bai fi akwatin ashana ba, fuskarsa rawaya-rawaya, a cikin kwalba mai murfi a ɗaure tam.

"Wannan ne duk karatun?" in ji uban.

"Shi ne, Baba. Ferobiskayit ake ce masa."

"Farfesun kai?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wani irin gishiri ne suke haɗawa, su narkar da shi, su ɗiga a kan gilashi, inji ya juya shi da gudu har ruwan ya baje ya bushe. Abin da ke saura shimfiɗa ce wadda bawon albasa ma katifa ne a kanta. In wutar lantarki ko wani haske mai ƙarfi ya ratsa ta, sai 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke ciki su zabura su yi sama, in za su koma mazauninsu kuma su amayar da ƙarfin da suka sha, shi ne hasken da ido ke gani. A sauya haɗin, launi ya sauya: kore, ja, shuɗi. Da irinsa ake fatan yin fuskar waya da talabijin da ƙwan fitila masu arha, marasa cin wuta.

Gani ya kori ji. Ta aro tocilar duba kuɗin jabu a wurin Mahdi mai shagon cajin waya, ta rufe ƙofa da taga da rana tsaka, ta haska kwalbar. Sai ga gilashin nan ya kama da wani kore shar, kamar sabon ganyen masara bayan ruwan farko. Malam Isiyaku ya yi salati, ya sake yin wani.

"Amma Baba, ba ya shiri da ruwa," in ji ta. "Ko danshin numfashi cutar da shi yake. Don Allah kada kowa ya buɗe. Da shi zan tsaya gaban malamaina."

To, kun san bakin tela da almakashi, ba sa zama a rufe. Kafin Juma'a labari ya kai Saji, ya kai Madachi. A bakin masu shayi gilashin ya zama fitila, a tasha ya zama injin da zai haska gari ba mai ba waya. In ka ji gangami da labari, kuma manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, kunnensu ba ya jin kukan taransifoma, amma ko a barci suna jin ƙamshin abin da za a ɗau hoto da shi.

Ranar da Lubabatu ta tafi Kibiya gaida gwaggonta, sai ga baƙar mota a ƙofar shago. Wanda ya fito shi ne Babban Hadimi na Musamman kan Harkokin Tafi, ɗan aiken Mai Girma Sarkin Aza Harsashi. Ku da kuke nesa ba ku san wannan Mai Girma ba. Mutum ne mai ƙwazo. Duk inda ka ga bulo huɗu da allo a cikin ciyawa, to aikinsa ne.

"Malam, Mai Girma ya ji abin da 'yarmu ta yi," in ji hadimin. "Gobe zai ƙaddamar da shi."

"Ranka ya daɗe, mai abin ba ta nan. Kuma ta ce kada a buɗe."

"Wa zai buɗe? Nunawa kawai za a yi. Mai Girma ya ce zai sa wa ɗakin gwajinsu sola, unguwarku kuma taransifoma na hanya."

Malam Isiyaku ya dubi kekensa mai hula a ka. Ya tuna yadda 'yarsa ta sauko daga motar haya da kwalba a ƙirji. Ya ce a ransa in uba bai nemo wa 'yarsa hanya ba, wa zai nemo? Ya kira wayarta, layin Kibiya ya ƙi shiga. Sai ya miƙa kwalbar, da sharaɗin zai bi ta ƙafa da ƙafa.

Washegari gidan man da muka kwana biyu muna layi a gabansa ya buɗe, ya shayar da ayarin motocin Mai Girma har suka yi gyatsa, ya rufe. Mu masu jarka muka bi su filin taro, tunda dai man namu can ya tafi. An kafa rumfuna, janareto na ruri don lasifika, maroƙa na ta aiki. Aka zaunar da Malam Isiyaku a layi na biyu, aka ba shi lemo. Bai taɓa zama a layi na biyu ba, sai ya ɗan shagala.

A nan aka yi ta. Hadimin ya ga kwalba ba za ta yi kyau a hoto ba, ya kwance murfi ya zaro gilashin. Ya ɗaga shi sama, ya yamutsa fuska.

"Wannan rawayar fa? Haka za a miƙa wa Mai Girma abu da datti?"

Kafin Malam Isiyaku ya tsallake kujeru, mutumin ya fasa ledar fiya wata da haƙori, ya tsiyaya, ya goge da hankici. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Mai Girma ya yi jawabi mai tsawo kan ilimin 'ya'ya mata, ya yaye ƙyalle, aka haska tocila. Gilashi ya tsaya a gilashinsa. Sai sanƙiran taro, wanda ya san inda abincinsa yake, ya ƙwala: "Jama'a, hasken zamani kenan, sai na'ura ke ganinsa!" Tafi ya ɓarke. Wani na kusa da ni ya rantse ya ga ɗan kore-kore.

Da Lubabatu ta dawo, uban ya kasa haɗa ido da ita. Ya ajiye gilashin a gabanta ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Da ta fito, ta tarar da shi zaune inda ta bar shi.

"Na cuce ki, Luba."

"Gilashi suka wanke, Baba, ba kaina ba. Zan sake. Wahalar ce dai za ta dawo sabuwa."

Wahalar kuwa ta dawo. Sola ba ta zo ba, taransifoma har yau tana hanya, da alama a ƙafa take tahowa. Malaminta ya ɗaga mata lokaci, abokan karatunta suka gama suka bar ta, ita tana can makaranta tana fakon wuta kamar mai fakon ɓarawo, in an kawo ta ruga ta kunna inji. Sai da gero ya nuna sannan ta samu shimfiɗar da ta kai ta farko. Ta tsaya gaban malamanta, ta ci.

Makon jiya baƙar motar ta dawo. Hadimin ya ce taron ya yi armashi ƙwarai, Mai Girma na son ƙaddamar da kashi na biyu, amma a samo babba, wancan bai fito sosai a hoto ba. Malam Isiyaku ya tashi ya zare gilashi ɗaya daga tagar shagonsa, ya naɗe a ƙyalle, ya miƙa da hannu biyu.

"Wannan sabon samfuri ne, ranka ya daɗe. Ko a kogi za a iya wanke shi."

Na ji a rediyo an ƙaddamar da shi lafiya, har an kafa kwamitin kula da shi. Ni dai ina da madubin babur guda da ya tsage, in akwai kashi na uku a tuna da talaka.