Makarantar da ke Gindin Wutsiyar Kaza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga kaza a ƙofar gidan mai unguwa ba, kuma ko na so in manta mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ni tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci. A shekarar da ta gabaci abin, cuta ta share kajin matanmu kaf, har na maiɗakina. Da malamin dabbobi ya zo da rigakafin da ake ɗiga wa kaza a ido, sai magidanta suka hana shi shiga gidaje. Hujjarsu ita ce ya faɗa da bakinsa cewa cutar ce a cikin kwalbar, an dai raunana ta. Wa zai zuba wa lafiyayyar kaza cuta?

Na zaunar da malamin dabbobin ya yi mini bayani har na gane. A jiki akwai wasu ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin B. Da farko sai sun yi karatu, inda ake kawar da duk wadda ta nuna za ta yaƙi jikin da ya haife ta. Daga nan su bazu. Idan ɗaya ta haɗu da cutar da ta dace da ita, sai ta hayayyafa, wasu su ƙera makamin da zai kama cutar, wasu su zauna da kamanninta a ka har ranar da za ta dawo. Rigakafi nuna musu fuskar ɓarawo ne tun bai zo ba. A mutum cikin ɓargo suke karatun. A kaza kuwa, cikin wata 'yar jaka ce a gindin wutsiya, dab da mafitar kashi.

Na ce masa ni zan tara jama'a in yi musu wannan bayanin. "Malam, wannan na ƙarshen ka bar shi," in ji shi. "Ai ba a ma ganin jakar daga waje."

Na ce ban taɓa fara darasi daga tsakiya ba.

Aka taru bayan azahar. Ga mai unguwa, ga liman, ga surukina (mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba). Na sa farar rigata ta Juma'a. Na sa aka kamo mini matashiyar kaza, na ɗaga ta daidai fuskata, na gyara tabarau, na buɗe gashin wutsiyar da yatsa.

"Jama'a, ku duba da kyau. Makarantar a nan ta..."

Ban kai ƙarshe ba ta sako kashi. Mai ɗumi, mai ruwa-ruwa. Ya sauka a tabarau, ya gangaro gemu, ya ƙare a ƙirjin rigar.

Sai taubashina Ɗanlami, wanda tun muna yara bai taɓa raga mini ba, ya ce, "Malam, an tashi 'yan makarantar ke nan?"

Dariya ta ɓarke. Mai unguwa ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Surukina ya juya yana kallon bishiyar darbejiya kamar yau aka shuka ta. Liman ya ce, "Malam, la'asar ta kusa, a je a sake riga."

Na san idan na bar wurin taron ya watse ke nan, kajin bana su bi na bara. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban gama ba." Ban goge komai ba. Na matse kazar a hammata, na ci gaba da ido ɗaya, tunda ɗayan gilashin ya rufe. Na bi bayanin daki-daki: karatu, bazuwa, haɗuwa da cuta, makami, tunawa. Ƙudaje suka zo, na ƙyale su. Ɗanlami ya sake buɗe baki, na ce, "Tambaya sai an gama darasi!" Ya naɗe hannu kamar ɗan aji biyu.

Da na kammala, na miƙa kazar aka ɗiga mata maganin a gaban kowa. Mai unguwa ya share hawayen dariya ya ce, "Wallahi ban gane rabin abin da ya faɗa ba. Amma mutumin da ya tsaya a haka don kajin matan wasu, a buɗe masa ƙofa. A fara da gidana."

Aka bi gida-gida. Yawancin kajin sun tsallake sanyin shekarar. Har yau idan na wuce majalisa wani kan yi kukan kaza ƙasa-ƙasa, ni kuwa ba na waiwaya. Ban yarda na yi kuskure a tsarin darasin ba, kuma gobe ma daga makarantar zan fara. Gyara ɗaya kawai na karɓa: wanda zai nuna wa jama'a gindin kaza, ya juya shi wajen jama'ar.