Rasuwar Doña Amparo, Wadda Aka Sare wa Rufi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ma fi baƙin cikin yawa a cikinta, ni Evaristo Baró na unguwar Luyanó a nan Havana nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta da safe, rasuwar motar gidanmu, Doña Amparo, Chevrolet mai ƙofa huɗu ƙirar 1953. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da rana tsaka a bakin teku, kan titin Malecón, a gaban mutanen da ko sunanta ba su sani ba. Za ku ji ana cewa tsufa ne. Ƙarya ne. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya yi aikin yana nan yana yawo a unguwa da gilashin walda a goshi.

Mahaifina Don Anselmo, mai gidan burodi, shi ya sayo ta sabuwa dal, koriya shar, ya sa mata sunan goggonsa saboda faɗin ƙugu. A zamaninsu ba a ƙera mota don mutum ɗaya ya yi ta yanga, iyali ake ƙera wa. Kujerar gabanta doguwa ce kamar bencin coci. Ranar Lahadi in za mu bakin ruwa a Guanabo, Baba na tuƙi da hularsa a ka, don rufin yana da tsawon da ba sai namiji ya tuɓe hula ba. Mama na gefensa da tukunyar shinkafa da wake a cinya. Mu yara da kakarmu muna baya muna faɗa a kan taga, kujerun zama da laima suna ɗaure a saman rufi. In ruwan sama ya tare mu a hanyar dawowa, sai Baba ya tsaya a gefen titi, mu cinye ƙanzon shinkafar muna jin ruwan yana kaɗa ganga a bisa kanmu. Ban taɓa jin na fi zama lafiya a wani wuri ba, har cikin coci kuwa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Lokacin da hanyar kayan gyara ta toshe, 'yan'uwanta da yawa sun zauna a kan bulo sun zama gidan kaji, ita kuwa ta karɓi duk abin da aka ba ta. Da injinta na haihuwa ya gaji aka sa mata na Rasha, ba ta ce uffan ba. Daga baya aka sa mata na dizal da aka ciro daga wata motar kifi, ta yi wata guda tana warin teku, ta haƙura. A shekarun wahala, da man birki ya zama labari, sabulun wanke gashi muka dama da mai muka ɗura mata, kuma ta tsaya a duk inda aka ce ta tsaya, ko da ɗan jinkiri. Abin da ya rage mata na gidan ubanta bai wuce sitiyari da ƙofofi da rufi ba, amma da waɗannan ta riƙe mutuncinta shekara saba'in.

Ba mai yawan magana ba ce. Da safe takan ce ƙirr, ƙirr, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ranar ta cancanci a tashi, sannan ta ce buum, tagogin maƙwabta su amsa. Ƙofarta in ta rufu dim take cewa, sau ɗaya. Motocin yanzu kuwa sai ka ji kwas, kamar an taka gwangwanin madara.

Amma babban aikinta ba ɗaukar mutane ba ne. Ita ce ta riƙe mini ɗana. Yunier shi kaɗai Allah ya ba mu, ni da marigayiya matata. Sa'anninsa duk sun tsallake ruwa, wasu ta jirgi, wasu ta hanyar da ba a faɗa wa uwa sai an isa. Shi ya zauna, don yana da Doña Amparo. Yana jigilar fasinja da ita daga unguwa zuwa tsakiyar gari, ranar Lahadi kuma mu kwanta a ƙarƙashinta mu biyu, ni ina miƙa sufana, shi yana zagin noti. Maganar da ba ma iya yi a kan tebur, a ƙarƙashin mota muke yin ta. Kowa a layinmu ya san muddin tana tashi da safe, ina da ɗa a gida.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga ido. Yunier ya shiga bi ta gaban manyan otal, inda ake jera buɗaɗɗun motocin nan masu launin alewa suna jiran 'yan yawon buɗe ido. Wata Lahadi muna kwance a ƙarƙashinta ya ce, “Papi, ka san zagaye ɗaya da Turawa ya fi abin da nake wahalar mako a kansa?”

Na ce, “Waɗancan ba motoci ba ne, karuwan motoci ne. Miƙo mini tsumma.”

“Papi, Turawa ba sa son rufi. Rana suka zo saye.”

“To su hau jaki mana, shi ma ba shi da rufi.”

Ya yi dariya, ni kuma na ɗauka magana ta mutu a nan. Ashe kwanciya ta yi. Ƙanwata Obdulia ta faɗi ta karye a Camagüey, na tafi jinyarta na 'yan makonni. Ranar da na dawo, na shawo kwanar layinmu da jakata a hannu, sai na hango wani abu a ƙofar gidana, ruwan hoda, kai a sare, kujeru farare kamar na asibiti. Na ce a raina wane marar kunya ne ya ajiye wannan a wurin Amparo. Sai da na ga sitiyarin ubana sannan na yarda da abin da idona ya ƙi ganewa.

A gefenta Chicho mai walda yake tsaye yana washe baki. Wanda bai san shi ba, shi ne mutumin da ya gyara ƙofar ƙarfen makarantar unguwa har yau ake shiga ta taga. Ya ce, “Don Evaristo, sannu da hanya! Ka ga aiki? Na mayar maka da tsohuwa yarinya.”

Na ce, “Je ka sare wa kakarka kai ka ga ko za ta koma yarinya.”

“Haba Don, ai zamani ne.”

“Ka ɗaura mata ƙarfe a ƙasa kafin ka yanke?”

“Ƙarfen me? Wannan fa tsohon ƙarfen Amurka ne. Ko jirgin ƙasa ya hau ta ba za ta ce wash ba.”

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin tsohuwar mota a garin nan ya san iskar gishiri ta daɗe da cin ƙashin bayansu. Fenti ne a waje, ciki kuwa burodi. Rufin nan shi ke riƙe gabanta da bayanta, kuma wanda zai cire shi dole ya fara ɗaure ƙasan da dogayen ƙarafa. Chicho bai da ƙarafan, sai ya ce ba a bukata, Yunier kuma ya so ya yarda, sai ya yarda. Na dubi ɗana, ya sunkuyar da kai yana goge madubi da gefen rigarsa. Ya sayo wa kansa har da farar hular kaba irin wadda ba wanda ke sawa sai mai jiran a ɗauke shi hoto.

Ban daki kowa ba, shekaruna sun wuce nan. Na shiga gida na rufe ƙofa. Amma kunne ba ya rufuwa, don sun cire mata hon ɗinta mai murya irin ta dattijai sun sa wani mai waƙa, tiri-riri, tiri-riri, kamar na mai sayar da askirim. Kullum da safe da wannan abin kunya take fita daga layinmu, ni kuma ina zaune da gahawata tana yi mini ɗaci a baki.

Ta yi jinya ba ta daɗe ba. Da farko ƙofar baya ta ƙi rufuwa sai an ɗaga ta. Sannan ta gaba ta ƙi buɗuwa. Dim ɗin nan ya ɓace, sai wani ƙiiƙ mai tsayawa a haƙori. Na gaya wa Yunier tana lanƙwashewa a tsakiya, ya ce Chicho ya ce sabon aiki ne, zai zauna. Ranar Talata ya ɗauko ƙattin Turawa huɗu, biyu a kan kujera, biyu sun hau sun zauna a kan jingina suna ɗaga hannu kamar sarauniyar kyau. A Malecón tayar baya ta faɗa wani rami da Doña Amparo ta sha wucewa ba ta ko gaishe shi ba. Waɗanda ke wurin sun ce kalma ɗaya ta yi, ƙaras, cikinta ya sauka ya zauna a kan kwalta.

Ba wanda ya ji ciwo, mun gode wa Allah. Da aka kira ni na iso, na tarar fasinjojin sun haura ta saman ƙofa sun fito, suna dariya, suna ɗaukar hoto da gawar. Ɗaya ya dafa bonet ɗinta ya ɗaga babban yatsa. Wata kuma ta yafito ni da hannu, wai in matsa kusa in tsaya, tsoho da tsohuwar mota za su yi kyau tare. Na sha ganin ƙazanta a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin ta ranar ba.

Yunier yana zaune a kan katangar teku, hular kaban a ƙasa. Na zauna kusa da shi. Sai ya ce, “Papi, shi ke nan. Ba abin da ya rage mini a nan.”

Na ce, “Ni fa?”

Ya ce, “Kai ma ka san abin da nake nufi.”

Na sani. Kawunsa da ke Sifen ya daɗe yana kiransa, takardunsa ma ashe a shirye suke, motar ce kawai take sa yana cewa baɗi.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, da Yunier, da tayoyi huɗu waɗanda babu biyu da suke uwa ɗaya uba ɗaya, da batir mai sauran numfashi. Ta kuma bar rufinta, wanda na bi sawu na gano a bayan gidan surukin Chicho, an kifa shi a kan turken aladu don kada rana ta dame su. Yadin da mahaifiyata ta ɗinka masa a ciki da hannunta yana nan yana reto, wata ƙatuwar alade tana tauna gefensa. Na nemi a ba ni, mai gidan ya ce sai dai bayan bikin ƙarshen shekara, in an yanka su. Ashe dai akwai masu hankalin sanin amfanin rufi a garin nan, aladu ne.

Ina godiya ga masu zuwa ta'aziyya, amma ina roƙon kowa ya riƙa barin sufanarsa a gidansa har ranar da aka sa. Na san al'ada, a garin nan ba a binne mota, rabon ta ake yi, ita kanta lagireton da ke cikinta daga gidan makoki ya zo. Sai dai akwai kunya. Jiya wani ya rungume ni yana cewa Allah ya ba da haƙuri, ina jin hannunsa ɗaya a bayana yana auna fitilarta da taƙi. Wani kuma ya tambaye ni ko marigayiyar ta bar wasiyya game da giyarta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Kafin nan ni da Yunier muna kankare ruwan hodar nan da sanfefa, don ba za ta bar duniya da kayan da ba nata ba. Koren yana nan a ƙasa, kuma yaron yana kankarewa kamar mai neman gafara, ni kuma ban hana shi ba. Bayan addu'a kowa ya kwance abin da motarsa ke bukata, tsofaffin motoci masu ɗaukar 'yan unguwa su ne a gaba. Mota mai launin alewa ko noti ɗaya ba za ta samu ba. Sitiyari ba ya cikin rabo. Chicho kada ya zo, kada ya aiko, in kuma ya ga ya zama dole ya wuce ta layinmu, ya bi ta ɗaya gefen.

Jirgin Yunier zai tashi ranar Litinin. Masu niyyar yi mini jajen tafiyarsa su haɗa da ta'aziyyar su yi gaba ɗaya ranar Asabar, gahawar gidan ba za ta kai zama biyu ba. Haka kuma duk mai motar da zai iya kai mu filin jirgi ya yi mini magana a gefe. Gidanmu ba a taɓa roƙon mota ba, don haka ban san yadda ake fara maganar ba. Ba za mu cika masa mota ba. Zuwa mu biyu ne da akwati ɗaya, dawowa ni kaɗai.

Allah ya jiƙan Doña Amparo, ya sa ta huta.

Mai sanarwa, Evaristo Baró, a madadin iyalin da suka rage, wato shi kansa.