Hedifon Mai Tsada da Sallama Uku

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar gayyar Gwiwa ba, ranar da na sayi kurumta da kuɗina na je na baje kolinta a gaban rabin gari. Yau jikokina suna makaranta, amma har yanzu idan na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina ƙaramin malamin firamare a Kazaure. Shekarun nan ne da naira ta shigo, arzikin mai ya fara zagayawa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu suka rufa wa ɗakunansu kwano. Ni kuwa (kowa da kiwon da ya karɓe shi) sai na sayi rikoda mai ɗaukar murya, mai cin batir shida, da makirfo mai doguwar waya. Burina in riƙa bin makaɗan ƙauyukanmu ina ɗaukar kiɗansu a kaset, in kwafa, in kai kasuwannin Babura da Roni. Ban ɗauki ko tarin mutum ba tukuna, amma a zuciyata na riga na fara amsa sunan Injiniya.

Akwai kuma Hajara, 'yar Gwiwa, wadda nake nema da aure. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, kawuna Ilu ya kai gaisuwa har sau biyu. Saura mahaifinta, Malam Jibo, dattijo mai shanu da gona, wanda ba ya magana biyu inda ɗaya za ta wadatar. Ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya ga yaron da idonsa a cikin mutane, ya ga yadda yake. Hajara ta aiko mini cewa za a yi gayya a gonar ƙanen babanta, an gayyato Garba mai gangar noma, kuma Baba zai leƙa. Na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan ɗauki kiɗan Garba, kuma surukina zai gan ni a bakin aikin zamani.

Abu ɗaya ya rage mini, hedifon, wato abin nan da ake kifawa a ka ya rufe kunnuwa, don mai ɗauka ya ji abin da ke shiga kaset. Na roƙi Malam Sani mai gyaran rediyo ya raka ni Kano, domin shi ya san kan kayan. A wani kanti a Sabon Gari aka fito mana da iri biyu. Ɗaya ɗan siriri ne, da soso a bakinsa, ba nauyi, idan ka sa kana jin kiɗa kana kuma jin hayaniyar titi. Ɗayan kuwa ƙato ne baƙi, mai taushin fata, kowane ɓari kamar ƙwaryar fura, wayarsa a nannaɗe. Kuɗinsa ya kusa sayen sabon keke.

Gaskiya dai a faɗe ta, babban nan ya iya aiki. Da mai kanti ya kifa mini shi ya kunna kiɗa, sai kasuwar gaba ɗaya ta ɓace. Ina ganin bakin mutane yana motsi, ina ganin motoci suna wucewa, amma ba abin da nake ji sai ganga, har ƙarar yatsan makaɗi a kan fata. 

Malam Sani ya ɗaga mini ɓari ɗaya ya ce, "Malam, wannan na masu ɗakin ɗaukar murya ne, inda ake rufe ƙofa a kunna jar fitila. Kai a gindin bishiya za ka yi aiki, cikin jama'a. Ɗauki ƙaramin, kana jin kiɗa kana jin duniya."

Na ce, "Ai duniyar ce ba na son ji, Malam Sani. Mai arha ai ba ya ado."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa a dace." (Na lura tun daga ranar, duk wanda ya ce mini haka da irin wannan murya, to ba a dacewa.)

Abin da ban gaya masa ba shi ne, ba sautin kaɗai na saya ba. Na leƙa madubin kantin na ga kaina da ƙaton abin nan, na ga na yi kama da matuƙin jirgin sama. Na ce a raina, wane uba ne zai ga wannan ya hana 'yarsa?

Ranar gayya na ɗaure kaya a bayan keken aro tun da sassafe na kama hanyar Gwiwa. Damina ta yi kyau, gero ya kai gwiwa, samari sun jeru da garemani, Garba da 'yan amshinsa suna bin su a baya suna zuga su. Ba yadda za a yi in bi su da waya cikin kunyoyin gona, don haka muka shirya da Garba cewa idan an zo hutun shan fura, zai zauna a gindin tsamiyar bakin gona ya yi mini kiɗa na musamman. Na kafa sanda a gabansa na ɗaure makirfo, na ja waya zuwa ɗaya gefen inuwar, na shimfiɗa tabarma, na juya wa hanya baya don kada rana ta haske mini allurar rikoda, wadda ke nuna ƙarfin sautin da ke shiga.

Matsalata tun farko Tanko ne. Tanko wani magidanci ne ɗan garin, wanda ya zo gayya ba garma, kuma tun da ya ga hedifon ya rasa sukuni. Ya tsaya a kaina ya ce in ɗan sa masa ya ji. Na ce sai an gama. Ya tafi, ya dawo ya ce ko kunne ɗaya ne. Na ce sai an gama. Duk lokacin da ya zo, inuwarsa sai ta faɗo a kan rikoda ta rufe mini allura. Kafin a fara ɗauka ya yi mini haka ya fi sau biyar.

Aka fara. Na kifa abina, na danna, na sa hannun dama a kan maɓallin ƙara. Garba ya saki ganga, ya shiga kirarin manoma ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi suna karɓa. Daɗi ya kwashe ni. Na lumshe ido ina kaɗa kai, na manta da gona, na manta da Gwiwa, na manta ma dalilin da ya sa na sa sabuwar riga.

Can na buɗe ido don in duba allura, sai na ga inuwar mutum ta rufe ta. Raina ya ɓaci. Ban juya ba. Hannun dama yana kan aiki, don haka na ɗaga na hagu ta bayan kafaɗa na yi alamar kora, irin yadda ake korar kaji daga shanya, na ce (a zatona a hankali nake magana, don ni ko muryata ba na ji), "Kai, gusa mini daga nan! Babba da kai ba ka da aikin yi sai tsayuwa a kan mutane? Je ka nemi garma."

Inuwar ta ɗan tsaya, sannan ta janye. Na ce madalla. Sai kuma kiɗan ya ɗauke ɗif a kunnena.

Na duba waya, tana nan. Na duba kaset, yana juyawa. Na bubbuga rikoda, na girgiza ta, na ce, "Batir ne ya mutu?" Sannan na ɗaga ɓari ɗaya na hedifon. Ban taɓa jin taron mutane ya yi shiru irin wannan ba. Wani ya kai ludayi baki ya tsaya a nan. Tanko yana can nesa a zaune, yana shan furarsa tun ɗazu. Na juya a hankali, sai na hango bayan wani dogon dattijo da farar riga da sanda, yana tafiya a kan hanya ba gaggawa.

Garba ya ajiye sandar kiɗansa ya ce, "Ba batir ne ya mutu ba, Malam. Malam Jibo ne. Sau uku ya yi maka sallama."

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai kuskure ne, a ba da haƙuri a wuce. Amma dattijo ya tako da ƙafarsa ya zo inda yaro yake, abin da ba a saba ba, ya yi sallama uku kamar yadda addini ya ce, ba a amsa ba, ba a tashi ba, ba a tsuguna ba. A maimakon haka aka kore shi da hannun hagu, da muryar da ta fi ganga ƙarfi, aka kuma tura shi neman garma. Na so in bi shi da gudu, na miƙe, wayar hedifon ta fizgo ni na koma zaune. Na ji dariyar da ake ta dannewa ta fashe daga wajen mata masu fura. Da ƙasa tana da ƙofa, da ranar na shige na ja ta.

Mako biyu ba labari. Hajara ta aiko da magana ɗaya tak, "Baba bai ce komai ba," kuma duk wanda ya san Malam Jibo ya san wannan ya fi zagi tsanani. Na rame, na daina cin abinci sosai, domin ina son yarinyar nan da gaske, kuma na ga na rasa ta saboda abin da ko ci ba a yi. Malam Sani bai ce mini "na gaya maka" ba. Ya dai riƙa yi mini sallama da ƙarfi duk inda muka haɗu.

Daga ƙarshe Kawu Ilu ya ce in ɗauko kayan laifin gaba ɗaya mu je. Muka isa Gwiwa da hantsi, da ƙullin goro. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin zaure, kaina a ƙasa. Kawu ya yi ta bayani, yana cewa yaro ne, abin ne yake toshe kunne. Malam Jibo ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Ilu, ni na ga kurame, na ga masu girman kai. Ban taɓa ganin abin da ke mayar da mai ji kurma ba. Ɗauko shi in gani."

Na kifa masa a kan hularsa, na mayar da kaset farko, na danna. Fuskarsa ta tsaya yadda take na ɗan lokaci. Sai ya lumshe ido. Sai babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi.

Ana cikin haka limamin garin ya iso bakin zaure ya yi sallama. Mu muka amsa, maigida bai motsa ba. Liman ya shigo ya ce, "Salamu alaikum, Malam Jibo." Shiru. Ya matso ya sake yi, har ya ɗan sunkuya. Na yunƙura zan kashe rikoda, Kawu ya danne mini gwiwa. Malam Jibo, mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kaɗa kai ya kwarara magana har aka jiyo a cikin gida, "Kai, Garba ya iya ganga! Da ƙafar nan za ta bar ni, da na tashi na taka!"

Sai ya buɗe ido ya ga Liman a gabansa.

Ya cire abin a hankali ya ajiye a cinya. Ya gaisa da Liman yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya juyo wajen Kawu ya ce, "Sau nawa ya yi?"

Kawu ya ce, "Uku, ranka ya daɗe."

Malam Jibo ya riƙa jujjuya hedifon. Liman yana ta gyaran murya yana kallon rufin zaure. Can Malam Jibo ya ce, "To, ku turo a sa rana. Amma wannan abin ba zai shiga ɗakin 'yata ba. Kada wata rana ta kira mijinta ya aika ta neman garma. A nan zai zauna."

A nan kuwa ya zauna, rataye a ƙusa a zauren, har ƙarshen rayuwar surukina, Allah ya jiƙansa. An ce idan mata suka fara daka da azahar yakan kifa shi, ba waya ba kaset, ya yi barcinsa. Ni na koma Kano na sayo ɗan siririn mai soso, kuma da shi na ɗauki duk kaset ɗin da na taɓa sayarwa. Ba ya fitar da ƙarar yatsa a kan fata, amma ban sake rasa sallamar kowa ba.

Abin da na koya dai shi ne, idan za ka sayi kayan aiki, tambayi inda za ka zauna da shi kafin ka tambayi madubi, kuma komai daɗin kiɗa ka bar wa mutane kunne ɗaya. Hajara ba ta bari in manta. Har yau idan ta kira ni ina karatu ban amsa ba, sai ta tsaya a kaina ta ce, "Injiniya, na yi biyu fa. In yi ta ukun, ko in tafi neman garma?"