Jikan Sarkin Baka a Filin Jirgin Dubai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kai ni filin jirgin Dubai cikin kayan farauta ba, ni da ko zakaran Sallah sai an kira maƙwabci yake yanka mana.

Takalma nake sarowa a kasuwar Naif da ke Dubai ina turawa Kano. Sito ɗin da nake ajiye kaya na wani Balarabe ne, Abu Salim, mutum mai fara'a, sai dai in aka taɓo zancen farauta, to ranar ka haƙura da sauran ayyukanka. Wata rana muna shan shayi a ofishinsa na Port Saeed ya ɗauko waya yana nuna min barewar da ya harbo. Da na ce ma sha Allah na yi shiru, da an wuce wurin. Sai kawai na ji bakina yana cewa ai kakana Sarkin Baka ne, shugaban maharban garinmu, ni kaina ma na taɓa kayar da kura da harbi ɗaya. (Kurar da na taɓa gani a gidan ajiye namun daji take, kuma ranar bayan yayana na laɓe.)

Abu Salim ya miƙe ya rungume ni. Tun daga ranar kayana ne suke fara shiga kwantena kafin na kowa. Ni kuma da na ga abin yana ci, sai na dinga ƙara gishiri. Kafin azumi kurar ta zama biyu.

Ana nan wata safiya ya kira ni. "Habibi, khalas, an gama magana. Wata mai zuwa za mu Afirka ta Kudu farauta, kuma da kai za a je." Na ce biza, ya ce ya sa a nema. Na ce bayana yana ciwo, ya ce iskar daji ce maganinsa. Dabara ta ƙare. Na shiga kasuwa na sayi riga da wando masu ruwan ganye, da hula mai faɗin baki, na tsaya gaban madubi na ga kamar da gaske.

Ashe tafiya da bindiga a jirgi ba kamar tafiya da kwalin takalma ba ce. Kowace bindiga tana cikin dogon akwati a kulle, harsasai a wani akwatin daban, takardun izini kuma duk suna ɗauke da sunan Abu Salim. Aka kai mu wani tebur a gefe, inda jami'in tsaro zai tabbatar babu harsashi a cikin ko ɗaya kafin a ɗora su. Abu Salim ya buɗe ta farko, ƙaras, ya nuna cikinta. Ta biyu ma haka. Da aka zo ta uku sai ya ja da baya, ya dafa kafaɗata, ya ce wa jami'in, "Wannan babban maharbi ne daga Najeriya, ita zai riƙe a can. Yalla, habibi, buɗe masa."

Na ɗauka. Nauyinta kaɗai ya sa na tuna ban yi wasiyya ba. Na danna nan, na ja can, na juya ta ina neman inda ake buɗewa kamar mai neman zif ɗin jaka. Garin juye-juyen ban ankara ba bakinta ya kalli ƙirjin jami'in. Ya daka min tsawa, "Ƙasa! Mai da ta ƙasa!"

A daidai lokacin wani abu ya ce GARAM a bayana.

Wallahi na ɗauka ni na harba. Na saki bindigar a kan tebur, na yi nutso ƙarƙashinsa, hula ta yi nata wuri, ina ihu da Hausa tsantsa: "Innalillahi! Na kashe mutum! Ba ni ba ne, ita ta tashi da kanta!"

Ba wanda ya mutu. Kwalin tukwane ne ya zame daga amalanken wata fasinja. Mai tukwanen kuma, cikin duk mutanen da Allah ya halitta, Hajiya Lami ce, 'yar kasuwa daga unguwarmu, ƙawar mahaifiyata. Ta sunkuyo ta leƙa ƙarƙashin teburin, ta gyara gilashi.

"Kai! Ba jikan Malam Audu mai ɗinkin hula ba ne? Me ya haɗa ka da bindiga, ɗan nan?"

"Hajiya, ina wuni," na ce, daga inda nake kwance. (Tarbiyya ba ta barin mutum ko a ƙarƙashin tebur.)

Abu Salim ya tambaye ta me ta ce. Na yi ta yi mata alama da ido, amma Hajiya ta daɗe tana zuwa Dubai, Larabcinta ya fi nawa. Ta yi masa bayani dalla-dalla, har da kwatanta zura zare a allura. Ya ce, "To kurar fa?" Ta ce, "Wace kura? Wannan da tunkiyata ta taɓa bin sa har cikin masallaci?"

Jami'ai suka taru, aka janye bindigar nesa da ni, aka yi min tambayoyi har suka gamsu cewa ni ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Ni kuwa na riga na fara tunanin inda zan koma ajiye kaya. Sai da muka zauna a jirgi Abu Salim ya kalle ni, ya kalli kayan jikina, ya fashe da dariya har ƙyallen kansa ya zame. A can daji aikin da aka ba ni shi ne riƙon filas ɗin shayi, kuma na riƙe shi da amana.

Kafin na dawo labari ya riga ni isa Naif, ya riga ni isa Kano. Abin da na koya shi ne, in za ka yi cika baki a ƙasar waje, fara waiwayawa tukuna. Duk nisan garin da ka je, akwai wata Hajiya a layi da ta ci tuwon sunanka.