Jikin Baba Ya Motsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Audu, mai gidan da nake haya a Bagama, ya rasu ba. A makon na koya wa ɗalibaina kalmar pass da 'yan rakiyarta: pass by wucewa, pass out sumewa, pass away kuma rasuwa. Har tebur na buga ina gaya musu wannan ta ƙarshen ita ce lafazi mafi taushi da Bature ya tanadar wa mutuwa. (Lokacin kaina a kumbure yake, ko ruwan leda zan saya sai na sa Turanci.)

Da safe Baba ya cika, ɗansa Nasiru bai jima da fita aiki Bwari a babur ba. Kawu Isa, ƙanen mamacin, ya ja ni gefe.

"Malam, kai ne abokinsa. Kira shi ka ce jikin Baba ya motsa, ya juyo a hankali. Ina so ya ga fuskar ubansa kafin a rufe."

Na ce to, amma a raina na ce wannan kewaye-kewayen mutanen da ne. Ni da nake da kalma mai laushi a aljihu? Na kira shi, ko inda yake ban tambaya ba. Na gyara murya.

"Nasiru, Baba has passed away."

Ban ji salati ba. Ƙara na ji, sai ihun mutane. Ashe yana tafe wajen Garam, waya maƙale a kunne. Aka binne Baba yana asibiti ana ɗaure masa ƙafa.

A zaman makoki, tabarmi cike da dattawan unguwa, Kawu ya dube ni.

"Malam, me ka ce wa yaron nan?"

Na maimaita masa.

"Ma'ana?"

"Ya rasu... amma cikin ladabi."

"Ladabi," in ji Kawu, ya ci gaba da jan carbi. Wallahi da mari ya yi min da na fi jin sauƙi.

Nasiru ya yafe min, sai dai kullum ina jin ɗingishinsa ta bayan tagata. Har yau ina koyar da pass away a aji. Amma a unguwa, ko akuyar mutum ce mota ta take, cewa nake jikinta ya motsa, ya taho a hankali.