Allurar da Ta Daina Nuna Ja

Wani ne fa, irin mutanen nan da in sun kalli bidiyo biyu a waya sai su ga ai sun zama injiniyoyi. Ko wayar fitila bai taɓa haɗawa ta kama ba. Fankar ɗakinsa da ya ce zai gyara, yau shekara biyu tana ƙarƙashin gado gunduwa-gunduwa. Amma in an zauna hira shi ne mai bayani, kowa ya yi shiru.

Uban matarsa tsohon mai gyaran rediyo ne, irin na da, masu aiki da bawul. Wasunku ba su san bawul ba. Wata 'yar kwalba ce kamar ƙwan lantarki, da ƙafafun ƙarfe a gindinta, in ta ji wuta sai ta yi ja daga ciki ta ɗau zafi. Da ita tsofaffin rediyo suke magana.

Tsohon yana da na'urar gwada bawul, wani akwatin katako mai hannu, wanda ya girmi 'yarsa nesa ba kusa ba. A wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa ya tsinto ta a mace, ya shekara uku yana tayar da ita, waya bayan waya. Aikinta ɗaya ne. Ka dasa bawul a raminsa, ka murɗa maɓallai daidai da lambar da ke jikin kwalbar, ka danna. In allurar da ke fuskar akwatin ta tafi kore, bawul na da rai. In ta tsaya a ja, ya mutu. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, shi ya sa masu tsofaffin kaya suke zuwa shagon daga nesa. Ita ce mutuncin tsohon, ita ce abincinsa.

Ran nan aka aiko wa tsoho wansa ba lafiya, zai je dubiya ta kwana uku. Ya biya gidan 'yarsa ya miƙa mata makullin shago.

Ya ce, "Ajiye mini. Kada ki ba kowa."

Ta ce, "To, Baba."

Ya dubi takalman mijinta a bakin ƙofa, ya ƙara da cewa, "Kin ji na ce kowa."

Tsoho bai kai tasha ba gogan naku ya fito daga ɗaki yana gyara hula.

Ya ce, "Ke, kawo makullin nan."

Ta ce, "Maigida, ai kana ji ya ce kada in ba kowa."

"Ni ne kowa? Ƙura kawai zan kaɗe masa. Tsoho ya tsufa, idonsa ba ya gani. So nake ya dawo ya san irin surukin da Allah Ya ba shi."

Ya yi ta naci tun safe har rana ta take, ta gaji ta ba shi.

Yana shiga shago bai ko kalli tsintsiya ba, sai kan na'ura. Ya jona ta ya kunna. Shiru. Shi bai san irin wannan sai ta yi minti guda tana ɗumama ba, ya saba da waya. Ya kai mata mari a gefe. Ya ƙara mata. Can sai ya hango ja-ja ta ramukan iska, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ji ɗumi.

Ya girgiza kai ya ce, "Zazzaɓi. Shekara uku tsoho yana fama da abu, bai ma san ba ta da lafiya ba."

Ya zare waya daga bango, ya kwance bayan akwatin, ya zura yatsa. Ashe akwai wani abu a ciki, kondensa ake ce masa, yana riƙe wuta ko an zare waya, kamar yadda tulu yake riƙe ruwa bayan an rufe famfo. Kan ka ce kwabo mutumin naku yana ƙasa, ƙafa sama, kujera a kansa.

Maƙwabcin shagon tela ne, ya shekara ashirin yana ɗinki kusa da tsohon. Ya ji faɗuwa, ya leƙo da almakashi a hannu.

Ya ce, "Injiniya, lafiya?"

Gogan bai gane tsiya ake yi masa ba, sunan ma daɗi ya yi masa. Ya miƙe yana tsotsar yatsa.

Ya ce, "Na gano matsalar. Wuta ce ta maƙale a ciki, na fitar da ita."

Tela ya ce, "Ta ina ka fitar da ita?"

"Ta jikina."

"Allah Ya ƙara basira. Amma da ni ne, da na rufe akwatin nan na tafi gida."

"Kai dai ka ji da zarenka. Wannan ba aikin allura ba ne."

Tela ya koma kan kekensa.

Gogan kuwa sai ya ɗauko tocila ya haska cikin akwatin. Ya ga wasu ƙananan kusoshi masu murɗawa, sun kai goma sha biyu, kowane an ɗiga masa jan fenti a ka. Waɗannan su ne saitin na'urar. Tsoho ya yi watanni yana murɗa su kaɗan-kaɗan, kamar mai sa kwalli, har allura ta koyi gaskiya, sannan ya ɗiga fenti don kada su motsa. Gogan ya sa sukundireba a ɗaya, ya ji yana juyawa.

Ya ce, "Kai, dubi sakaci. Ko ɗaya bai ɗaure ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure tam. Wanda ya yi gardama ya sa masa ƙarfi har ya ji ƙas. Ya share gumi ya ce yau dai na'ura ta ga namiji.

Washegari ya koma kan durowa. A ciki tsoho yake adana bawul, sun fi ɗari, kowane a naɗe cikin takarda, wasu an daina ƙera irinsu tun kafin a haifi gogan. Ya ɗaga ɗaya a haske ya yamutsa fuska. Ya kwashe su duka a buhu ya kai gida.

Ya ce wa matarsa, "Kawo baho da garin sabulu da soso."

Ta leƙa buhun. Ta ce, "Maigida, ka ce ƙura za ka kaɗe."

"To wannan mene ne in ba ƙura ba? Ubanki gwani ne, amma ƙazami ne."

Ya zauna a tsakar gida yana dirza kamar mai wanke kofuna. Rubutun jikin bawul kuwa ko da yatsa ka goga da ƙarfi tafiya yake, balle soso. Lambobi suka bi ruwa. Matar ta ɗauki ɗaya ta juya ta juya.

Ta ce, "Ina rubutun? Da shi Baba yake gane su."

Ya ce, "Ana gane abu da ido, ba da rubutu ba. Ga dogaye, ga gajeru, ga masu tumbi. Har wani karatu ake yi wa kwalba?"

Abu ɗaya ne ya ƙi fita. Kowane bawul yana da wani tabo mai ƙyalli kamar madubi a ƙoƙon kansa, daga ciki. Wannan tabon shi ne shaidar lafiyarsa, yana nuna iska ba ta shiga ba. Gogan ya ce hayaƙi ne ya taru. Ya dirza ya dirza, tabo yana nan. Sai ya lura da wani ɗan tsini a saman kwalbar. Ya ɗauko filaya ya ɓalle shi don ruwa ya samu hanya. Iska na shiga, tabon ya soma komawa fari fat, wato bawul ya mutu murus.

Gogan ya yi tsalle. Ya ce, "Zo ki gani, ko sabulu ban sa ba ya yi fari. Wannan dabarar ko a bidiyo babu ita."

Ta ce, "Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Don Allah ka bari Baba ya dawo."

"Mata ke nan. In an kawo ci gaba sai ku ce gabanku."

Ya bi su da filaya, ɓal, ɓal, ɓal, har ya gama da buhun. Ya shanya su a kan tabarma suna ƙyalli.

Rana ta uku ya mayar da su shago ya jera a kan kanta, dogo bayan dogo. Ya kira tela ya zo ya sha kallo. Ya dasa bawul na farko, ya murɗa maɓallai yadda ransa ya so, ya danna. Allura ko motsi, tana kwance a ja. Ya dasa na biyu, ja. Na goma, ja.

Tela ya ce, "Injiniya, kamar fa cewa take yi sun mutu."

"Sun mutu? Bawul ɗin da na wanke da hannuna? Dube su, ko sababbi ba su kai su haske ba."

"To ko ita ce ta mutu?"

"Ita da na ɗaure mata kusoshi?"

Ya tsaya ya riƙe haɓa yana tunani, abin da bai saba yi ba. Can ya ɗaga yatsa.

Ya ce, "Allurar ce. Ta daɗe tana kwanciya a ja har ta saba. Ai ƙarfe ma yana da hali."

Ya ɓamɓare gilashin da ya rufe allurar, ya kama ta da filaya, siririya ce kamar gashi, ya lanƙwasa ta zuwa tsakiyar kore. Don kada ta koma halinta, ya ɗiga mata gam. Tela ya fita yana salati.

Da hantsi a rana ta huɗu tsoho ya dawo. Ya biya karɓar makulli, 'yarsa ta sunkuyar da kai ta ce yana shago. Ya juya ya nufi shago, ta yafa mayafi ta bi bayansa. Suka tarar da gogan a kan kujerar tsoho, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya miƙe da fara'a. "Baba, sannu da hanya. Yaya mai jiki? Shigo ka ga aiki."

Tsoho ya dubi kanta. Ya ɗauki bawul ɗaya, ya ga farin kai, ya nemi lamba bai gani ba. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ya leƙa bayan akwati ya ga jan fenti a farfashe. Wallahi tsohon nan ya ba ni tausayi. Ya jawo benci ya zauna, ya daɗe bai ɗago ba.

Gogan ya ce, "Daɗi ne ya hana shi magana. Baba, gwada mana ka gani."

Tsoho ya dasa bawul mai fasasshen kai. Kore. Ya cire shi, ya bar ramin ba komai. Kore. Ya bi wayar da ido, ya ga ashe ko jona ta ba a yi ba, tana yashe a ƙasa. Allura tana nan a kore.

Gogan ya bugi ƙirji. "Ka gani, Baba? Da can wannan ja, wancan ja, mutane su zo daga nesa ta ɓata musu rai. Yanzu ba ta da matsala da kowa."

Matar ta durƙusa kusa da ubanta. Ta ce, "Baba, ta lalace ne?"

Tsoho bai ko dubi inda surukin yake ba. Ya ce, "Ba sai kin tambaya ba, 'yar nan. Yanzu ko kan mijinki na dasa mata, cewa za ta yi yana aiki."