Dashen Dakwara a Gidan Haya

"...da gajiya, bawana? Har yanzu ba a kore ka daga garin nan ba?"

Babakura ke nan, Babarbare, durƙushe a tsakar gidan haya a Bulumkutu, yana ba dashen dakwara, itacen ƙaro, ruwa da buta. Baƙon nasa Bappayo ne, Bafillatani, wanda shanunsa suka daɗe suna kwana a gonar Babakura bayan girbi, suna zuba mata taki, can bayan Mafa. Barebari da Fulani dai ba sa gaisawa sai da tsiya. Yanzu yaran daji masu bindiga sun kore shanun, gonar kuma tana can bayan ramin da sojoji suka haƙa kewaye da gari. Tsiyar ce kaɗai ta rage musu.

Bappayo ya dire buhu. "Wa zai kori ubangidanka? Yaya 'ya'yan naka na leda?"

'Ya'yan leda su ne dashen. Hukumar gona ta ce a raba nauyi: ita ta ba da dashe da wayar shinge, manomi ya kawo ƙasa da ruwa da taki, a kewaye gonaki don iska ta daina kwashe su. Babakura ya karɓa bara, da aka ce hanya za ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Shekaranjiya malamin gona ya aiko cewa wanda bai dasa ba za a kwashe nasa a ba wani. A ganinsa, ranar da aka kwashe su, ranar gonarsa ta mutu.

"Me ke cikin buhun, kayan sata?"

"Taki. A kasuwar shanu na sharo shi."

"Innalillahi! Bafillatani na sharar kashin shanun wasu! Da ma na faɗa, naka na aro ne."

Maganar ta yi zafi, Babakura ma ya ji ta a bakinsa. Bappayo ya kau da kai, sannan ya murmure.

"Ka ji mai gona a leda! An ce ka kawo ƙasa, ka kawo tsakar gidan mutane. Kai da akuyar maƙwabta za ku raba ƙaron?"

"Gobe akwai rakiyar sojoji. Zan loda su a mota in kai gona."

"Kai? Da aka yi harbi a tasha ba kai ka bar hula da takalmi ba?"

"Kai na bi, in tsare ka kada ka ɓata."

"Ka gode Allah ban sayar da kai a hanya ba. Wa ma zai saya? Babarbare sai cin burabusko da fankama."

"To kawo takin, ka yi aikinka na bayi."

"Sai ka biya. A da damin gero kake ba ni, yanzu ko zangarniya ba ka da ita. Ba ni ɗaya cikin 'ya'yan."

"Bafillatani da dasa itace? Ai ba ka kwana biyu a inuwa ɗaya."

"Yanzu ina zan je?"

Babakura ya juya ga dashen. Ya kama leda guda zai miƙa masa. Ta ƙi tasowa. Ya ja wadda ke kusa da ita, haka. Ya tona gindin da yatsa: saiwa ta huda ledar, ta shige ƙasar mai gida, ta yi nisa. Manomin gero ne, bawan Allah, bai taɓa renon itace a leda ba, bai san ana gusar da su lokaci-lokaci ba. Shi dai ruwa yake ta zubawa. Ya bi layin duka, babu wadda ta motsa. In ya tumɓuke, su mutu.

Ya zauna daɓas. Babu zuwa gona gobe.

Bappayo ya tsuguna kusa da shi, ya kwance bakin buhun.

"To, malamin gona ma ya zo ya ɗauka mu gani."

Babakura ya yi dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta.

"Ka ci, Fulata. Na ba ka waccan ta bakin ƙofa, sai dai kullum ka zo nan ka ga abarka." Ya share ido da hannun riga. "Zuba musu takin. Sun riga mu gane cewa mun zauna."